Gabbar Singh da harajin tsoro

Fim ɗin Sholay ya haura awa uku, amma abin da aka gaya mana game da asalin Gabbar Singh bai cika layi biyu ba. Ranar da aka gurfanar da shi gaban alƙali an kira sunansa, an kira sunan mahaifinsa Hari Singh, an yanke masa ɗaurin shekara 20. Iyakarta ke nan. Ba a kai mu garinsu ba, ba mu ga uwarsa ba, ba a ce wani mai hannu da shuni ya ƙwace gonar gidansu ba, ba a ce ɗan sanda ya ci mutuncin ƙanwarsa ba. Haka kawai muka gan shi a kan duwatsu da jigidar harsashi a kafaɗa, yana jan bel a ƙasa, yana tambayar yaransa mutum nawa suka kore su. Ina ganin wannan shirun da aka yi game da tarihinsa da gangan aka yi shi, kuma yana cikin abubuwan da suka fi gaskiya a fim ɗin baki ɗaya.

Sholay ya fito ranar 15 ga Agustan 1975. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin. Danny Denzongpa aka so ya fito a bos, sai aka tarar yana Afganistan wajen ɗaukar Dharmatma na Feroz Khan, shi ya sa aka ɗauko Amjad Khan, wanda a lokacin bai yi suna ba, har ana ta ƙorafin cewa muryarsa ba ta kai ta ɗan fashi kauri ba. Fim ɗin ya yi sama da shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombai. Ga Dharmendra, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, ga Amitabh Bachchan, ga Sanjeev Kumar da Hema Malini, duk da haka wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne mugun. Abin ya kai kamfanin Britannia ya sa shi tallar biskit na yara.

Tun shekarun 1950 Kwarori 'yan kasuwa suka fara shigo da finafinan Indiya ƙasar Hausa, kuma waɗanda suka cika Plaza da Orion da Marhaba a Kano ba sa jin Indiyanci, amma ba abin da ya ɓace musu na labarin. Sai dai a wancan zamanin, ƙauyen da ke auna wa 'yan fashi hatsi domin a bar shi ya kwana lafiya labarin ƙasar wasu ne, ana kallo ana tafi a koma gida. Yau manomin Zurmi ko Shinkafi ko Batsari ko Sabon Birni ba ya bukatar mai fassara kafin ya gane abin da ke faruwa a Ramgarh, ƙauyen da Gabbar ya addaba a fim ɗin. Wannan ne ya sa na ga ya dace a sake duban Gabbar da idon basira, ba da idon nishaɗi kawai ba.

Kafin Sholay, ɗan fashin fim ɗin Indiya mutum ne mai dalili. A Mother India na 1957, Birju ya shiga daji ne saboda Sukhilala mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonarsu da gumin uwarsa. A Ganga Jumna na 1961, Dilip Kumar ya fito a talakan da mai ƙasa ya ƙulla wa sharri har ya ɗauki bindiga. Kuma ba ƙirƙira ce zalla ba. A kwazazzaban kogin Chambal, inda jihohin Madhya Pradesh da Uttar Pradesh da Rajasthan suka haɗu, 'yan fashi sun daɗe suna kiran kansu 'yan tawaye, kuma da yawansu rikicin gona ne ko wulaƙancin bambancin aji ko son kan 'yan sanda ya kora su can. Paan Singh Tomar soja ne kuma zakaran tsere na ƙasa kafin rikicin gona ya mai da shi ɗan daji, aka kashe shi a 1981. Phoolan Devi ta sha cin zarafin da baki ba zai iya faɗa ba kafin ta zama abin tsoro. A 1972, shekara 3 kacal kafin Sholay, ɗaruruwan 'yan fashin Chambal suka ajiye makamai a gaban ɗan gwagwarmaya Jayaprakash Narayan. Salim da Javed sun san irin wannan tarihi. Mahaifin Salim babban ɗan sanda ne a Indore, kuma sunan ma daga wani Gabbar na gaske aka aro shi, wanda ya addabi yankin Bhind da Gwalior yana yanke wa mutane hanci, har 'yan sanda suka kashe shi a 1959. Da sun so su ba bos ɗinsu tarihi mai sa hawaye, kayan aikin suna gabansu. Suka ƙi.

Hatta suturarsa sun sauya. Ɗan fashin da aka saba gani yana ɗaura rawani, yana shafa jan alama a goshi, yana zuwa wurin bauta kafin ya fita aiki. Gabbar kakin soja ne a jikinsa, ya yi dauɗa, haƙora sun dafe da taba. Ba shi da gida, ba shi da mata, ba a taɓa nuna shi yana ƙirga kuɗi ko yana gina wani abu da su ba. Lissafi ɗaya ne muka ga ya damu da shi: ya ɗaga kai ya tambayi yaronsa Sambha da ke zaune a kan dutse nawa gwamnati ta sa a kansa, aka ce rupi 50,000, ya ji daɗi. Jarinsa sunansa ne. Da bakinsa yake alfahari cewa a ƙauyukan da ke nesa da maɓoyarsa, uwa da sunansa take sa ɗanta ya yi shiru ya yi barci.

Daga nan ne ake gane irin sana'ar da ya kafa. Ɓarawo da dare yake zuwa, ya rufe fuska, ya kwashe abin da ya samu, ba ya fatan a sake ganinsa. Yaran Gabbar da rana tsaka suke shiga Ramgarh a kan dawakai, su tsaya a dandali, magidanta su riƙa fitowa da hatsi ɗaya bayan ɗaya, ana kiran kowa da sunansa, wanda ya kawo kaɗan a yi masa faɗa. Ba sa kwashe rumbu ƙaf, domin suna bukatar manomin ya rayu ya sake noma baɗi. Ranar bikin Holi da ya shigo garin da kansa, ya yi musu bayanin tsarin dalla-dalla: babu mai iya kare su daga fushinsa sai shi, to in yaransa sun karɓi ɗan hatsi a madadin wannan kariya, ina laifin? Wannan magana ce ta mai mulki. Haraji yake karɓa, yana sayar wa mutane da tsaro daga sharrin da shi ne tushensa, yana kuma so su yarda cewa ciniki ne na adalci. Babban laifin Gabbar ya wuce fashi. Kujerar hukuma ya tarar babu kowa a kai, ya hau.

In aka riƙe wannan, wurin da ya kashe yaransa uku ya daina zama hauka. Hatsin da suka kasa kawowa ba wani abu ba ne. Abin da ya ƙona masa rai shi ne mutum biyu da aka ɗauko su kare garin, Jai da Veeru, sun kori mutum uku a gaban jama'a, kuma labari zai zaga ƙauyuka cewa ana iya ce wa Gabbar a'a a kwana lafiya. In wannan labari ya yaɗu, kasuwa ta watse. Sai ya ɗauki bindiga mai cin harsashi 6, ya harba 3 a sama, ya juya ta, ya ɗora wa kowannensu a ka. Duka ukun suka tsira. Ya fashe da dariya, dabar gaba ɗaya ta kama dariya, su ma waɗanda suka tsiran suka saki jiki suna dariya, sannan ya juyo ya harbe su. Ɗaya daga cikinsu, Kaalia, ya tuna masa cewa shi bawansa ne mai cin abincinsa, hakan bai hana komai ba. Darasin na waɗanda suka rage ne: biyayya ba ta ba ka tabbaci, sa'a ma ba ta ba ka. Mutumin da bai san ranar da za a far masa ba, ba ya samun nutsuwar da zai yi tunanin tawaye.

Abin da ya yi wa Thakur Baldev Singh ramuwa ce, amma ita ma da lissafi a cikinta. Thakur sufeton 'yan sanda ne da ya kama shi ya kai shi kurkuku. Da Gabbar ya gudu, sai ya je ya kashe 'ya'yan Thakur maza biyu da 'yarsa da surukarsa da jikansa ƙarami, wanda ya tsaya yana kallon bakin bindiga bai san mene ne ba. Radha, matar ɗaya ɗan nasa, ce kaɗai ta tsira, don ba ta gida. Da Thakur ya bi shi shi kaɗai cikin fushi, Gabbar ya kama shi, ya sare masa hannu biyu, ya sake shi. Kashe shi ya fi sauƙi, amma gawa ana binne ta a manta. Tsohon ɗan sanda da ke yawo a gari lulluɓe da mayafi, ba ya iya ɗaukar bindigar da ta faɗi a gabansa, sanarwa ce mai rai ga duk wanda zai ce zai kai ƙara wurin hukuma.

Wurin da ya fi taɓa ni a fim ɗin babu harbi a ciki. Ahmed, ɗan limamin garin makaho, ya kama hanyar birni zai je neman aiki, 'yan Gabbar suka tare shi, aka dawo da gawarsa a kan doki da takarda: a miƙa Jai da Veeru, ko a ci gaba da ganin irin wannan. Nan take gari ya rabu. Manoma suka ce su ba mayaƙa ba ne, sun daɗe suna ba da hatsi suna zaune lafiya, hatsi za su iya bayarwa amma ba za su iya ba da 'ya'yansu ba. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, kuma ina ƙyamar mai zaune a birni da ke kiran irin waɗannan mutane matsorata. Sai dai a lura da abin da Gabbar ya cim ma: ya mai da fushin gari daga kansa zuwa kan masu kare garin, yana neman mutanen Ramgarh su yi masa aikinsa da hannunsu. Limamin da aka kashe wa ɗa ne ya tsaya ya ce mutuwa da mutunci ta fi rayuwar ƙasƙanci, sannan aka kira salla, ya nemi a riƙe masa hannu ya tafi masallaci. A fim, maganarsa ta juya zukata. A zahiri sau da yawa ba a samun mai irin wannan magana, in an samu ma shi ake fara ɗaukewa.

Ba sai na ja zancen ba. A sassan Zamfara da gabashin Sakkwato da Katsina, garuruwa da dama suna haɗa miliyoyi kafin a bar su su yi shuka, su sake haɗawa kafin girbi, wasu ma a tilasta musu noma gonar ɗan bindiga kafin su taɓa tasu. A Yulin 2022 masarautar 'Yandoto ta naɗa ɗan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani, alhali 'yan sandan Katsina sun sa ladan naira miliyan 5 a kansa, kuma hujjar da aka bayar ita ce neman zaman lafiya. Gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin bayan surutu ya yi yawa. Hujjar nan ita ce dai wadda Gabbar ya karanta wa mutanen Ramgarh ranar Holi: mai iya hana ɓarna shi ne mai yin ta, saboda haka a lallaɓa shi.

To, ina matsayin tarihi? A shekarar 2022 BBC da Trust TV suka fitar da shirye-shiryen da aka ji 'yan bindiga suna magana da bakinsu, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5. Koke-kokensu sanannu ne: an cinye burtali da mashaya, an sace musu shanu ba wanda ya bi kadi, alƙalai da 'yan sanda sun mai da makiyayi saniyar tatsa, 'yan sa-kai suna kashe Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne. Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma dubban makiyayan da ba su taɓa riƙe bindiga ba su ne suka fi kowa asara, daji ya cinye musu dukiya, gari kuma yana musu kallon masu laifi. Amma abin da ya kai mutum daji daban, abin da ya zaunar da shi a can daban. Auwalun Daudawa ya kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. Me yaran makaranta suka sani game da burtali? Ya tuba a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani, bai cika wata uku ba ya koma, ya mutu a faɗan da ya haɗa shi da wata daba. Da zarar kuɗi sun fara shigowa, ga yaran da za a ciyar, ga suna da za a tsare, tsohon ƙorafi ya zama abin da ake karantawa idan ɗan jarida ya zo. Ko da an nuna mana cewa an zalunci Gabbar yana yaro, wannan ba zai bayyana mana dalilin mutuwar Ahmed ba. Lissafin sana'ar ne ya bayyana ta.

Akwai kuma batun inda mai fim ke ajiye zuciyar mai kallo. Finafinan Amurka na 'yan shekarun nan, irin Black Panther na 2018 da Joker na 2019, sun ƙware wajen ba mugu raunin ƙuruciya, har ka fito kana tausayinsa fiye da waɗanda ya kashe, waɗanda ko sunansu ba ka riƙe ba. Sholay ya ba waɗanda aka cuta tarihin. Mun san Radha tana 'yar budurwa mai surutu da son launi kafin ta koma bazawara mai farin tufafi da ba ta magana. Mun san limami da ɗansa. Wannan zaɓi ne na adalci, kuma ina goyon bayansa.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne wajen yaran. Daga ina Sambha ya fito? Me ya kai Kaalia hannun mutumin da zai harbe shi yana dariya? Tarihin da al'umma ke bukata ke nan, domin shugaban daba ya riga ya zaɓi hanyarsa, amma yaro ɗan shekara 15 da aka miƙa wa bindiga bayan an ƙone rugarsu har yanzu ana iya janyo shi. Ajiye makaman Chambal na 1972 ya yi tasiri ne saboda an haɗa sassauci da shari'a: an yi musu alkawarin ba za a rataye su ba, an kula da iyalansu, amma sun miƙa bindigogi, sun tsaya gaban alƙali, sun yi zaman kurkuku. Sulhun da aka yi ta ƙullawa a Katsina da Zamfara a 2016 da 2019 bai kai kowa gaban alƙali ba, kuma kowa ya ga yadda ya ƙare.

Maganin da Thakur ya nemo ma abin dubawa ne. Ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, daga kurkuku, ya ƙara musu rupi 20,000 a kan ladan gwamnati, bisa tunanin cewa mugu shi ya san makwantar mugu. A fim sun fito mutanen kirki, domin marubuci ne ya so hakan. Mu da muka ga yadda wasu 'yan sa-kai suka fara da kare gari suka ƙare da ƙara wa wutar fetur, mun san ba kullum ake dacewa da Jai da Veeru ba. Kuma me ya kai Thakur ga wannan tun farko? A duk tsawon labarin, gwamnati ba ta da ko ofishin 'yan sanda ɗaya da ya amfani Ramgarh. Lada kawai ta sa, ta koma gefe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙarshen da muka kalla ba shi Ramesh Sippy ya fara ɗauka ba. A na farkon, Thakur ya tattake Gabbar har lahira da takalmi mai ƙusoshi. Amma fim ɗin ya zo daidai da dokar ta-ɓacin da Indira Gandhi ta kafa a Yunin 1975, sai hukumar tace finafinai ta ce ba za ta yarda a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa ba. Aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a daidai gaɓar, suka tafi da shi a raye. Masoya fim ɗin da yawa suna ganin an ɓata shi, kuma ba zan wanke gwamnatin da ke tsare 'yan adawa a lokacin tana wa'azin bin doka ba. Duk da haka na fi yarda da ƙarshen da aka tilasta. Duniyar da Gabbar yake so ita ce wadda mai ƙarfi shi ne doka, kuma in an kashe shi da takalmi a kan dutse, an tabbatar masa da ita ke nan. Matsalar wannan ƙarshe ɗaya ce, mai kallo ma ya san ta: 'yan sandan sun zo ne bayan an kashe Ahmed da Jai, kuma kurkukun da za su kai shi irin wanda ya taɓa tserewa daga ciki ne.

Akwai wani mutum a Sholay da mutane ba sa tunawa. Sunansa Hira, shi ke kawo wa Gabbar bindigogi da harsashi, kuma ya bayyana ne na 'yan mintuna a daren da jaruma Helen ta yi rawa a sansanin 'yan yawo. Jai da Veeru suka tarwatsa kayan, labari ya wuce shi, ba a sake tambayar daga wace ma'ajiya harsashin ya fito ba, ko wa ke sayen hatsin da ake karɓa a Ramgarh. Idan wani a Kannywood ya ƙuduri yin fim na gaske a kan abin da ke cin ƙauyukanmu, ina roƙonsa kada ya ɓata lokaci wajen koya wa bos dariyar mugunta. Ya bi Hira. Ya nuna mana mai kai fetur a jarka, da mai kai burodi da ƙwaya, da infoman da ke sallar asuba a sahu ɗaya da wanda za a sace, da dillalin da ke sayen shanun sata a rabin kuɗi, da wanda kuɗin fansa ke bi ta asusunsa, da jami'in da harsashin gwamnati ke fita ta hannunsa. Waɗannan mutane suna da gida da iyali da suna a cikin gari, kuma hukuma ba ta bukatar jirgin yaƙi kafin ta kai gare su.